Kayan fitar sanyi da kayan zafi na Turai: wanne zai tafi a kasuwar Accra?

Ƙanwar Maamobi

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da ƙaramin shagon kayan mata a unguwar Maamobi ta Accra, rabi gwanjo rabi sabbi. Mai kawo mini kaya daga Ingila ya turo jerin abin da ke hannunsa, ya kasa shi gida biyu: kayan sifirin, wato na lokacin da sanyinsu ke fita, da kayan tsakiyar zafinsu. A hoto kusan duk ɗaya nake ganinsu, riguna masu fulawa, siket, da 'yan jaket. Kuɗin hannuna na dila biyu ne kacal, ba na so in zuba su inda za su kwanta.

Don Allah waɗanda suka san harkar, ina ainihin bambancin yake? A yadi ne, a ɗinki ne, ko kala ce kawai ta bambanta? Kuma wanne zai fi tafiya a nan, ganin cewa masu saye a wurina matan Zango ne, ba sa sa rigar da ba ta da hannu ko abin da bai rufe gwiwa ba?

Hajiya Mai Dila, Kantamanto

Wa alaikumus salam ƙanwata. Hoto ba ya nuna kauri, shi ya sa kike ganinsu ɗaya. Ki fara da yanayin da aka ɗinka kayan dominsa, sauran zai fito miki fili.

Fitar sanyi a Turai watan Maris ne da Afrilu da Mayu. A Landan, tsakar ranar Afrilu takan tsaya wajen digiri 15, da asuba ta sauka wajen 6, ga iska, ga yayyafi mai zuwa ba sallama. Mutum ya fita da safe yana ɗari, da azahar ya ji ɗumi, da magariba sanyi ya dawo. Saboda haka kayan wannan lokacin an yi su ne don a ɗora wani kan wani, a cire idan rana ta buɗe, a mayar idan ta faɗi: riga ta ciki, suwaita marar kauri ko mai maɓalli a gaba, sannan jaket ko doguwar kwat mai ɗamara da ke tare iska da yayyafi. Hannun riga dogo ne, ko ya ɗan wuce gwiwar hannu. Wuya a rufe ko mai kwala. Siket yana kaiwa ƙauri, wando jins ne ko kaki mai jiki, kuma yawancin dogayen rigunan akwai shafi a cikinsu.

Zafinsu Yuni ne da Yuli da Agusta, kuma kayan lokacin abu ɗaya ake sawa a jiki, shi ke nan. Hannu gajere ko babu shi sam, igiya a kafaɗa, baya a buɗe, gajeren wando, yadi shara-shara, babu shafi, ɗinki a sake don iska ta ratsa.

To ki auna da namu. Ranar Yuli a Landan digiri 23 ne zuwa 24. Mu a Accra, a Agusta, watan da kowa ke cewa gari ya yi sanyi, dare ne ke sauka wajen 23, rana kuwa tana 27 zuwa 28. A Maris, lokacin da su suke cikin kwat, mu muna 32 zuwa 33 ga danshin teku a kai. Ke nan duk abin da aka sa a dilar sifirin don tare sanyi, kwat mai shafi, suwaita mai kauri, jaket mai soso a ciki, mai yawo a titin Nima da rana ba shi da ranar sa shi.

Amma kada ki ce to shi ke nan sai ki kwashi na zafi duka biyun. Kin faɗi irin masu sayenki. Dilar zafi ta mata cike take da riguna masu igiya da gajerun wanduna, kuma waɗannan a Zango rataye za su yi ta yi har su koɗe. Kowace dila rabin buƙatarki take ɗauke da shi: ta zafi tana da yadin da ya dace da garinmu, ta sifirin tana da ɗinkin da ke rufe jiki. Abin da kike nema shi ne inda biyun suka haɗu, wato doguwar riga mai dogon hannu da aka yi da yadi marar nauyi, da faffaɗan wando, da dogon siket, da buɗaɗɗiyar riga mai tsawo da ake ɗorawa a kan wata.

Akwai kuma lissafin nauyi, wanda sabbin shiga kan manta. Dila da kilo ake sayar da ita, ba da ƙidaya ba. Ta Ingila yawanci kilo 55 ce. Idan rigar mata marar nauyi tana giram 180, kilo 55 zai ba ki guda 300 da ɗoriya. Idan jins ne mai giram 650, kina maganar 85. Idan kwat ce mai kilo guda, 55 ne kacal. Dilar sifirin da aka cakuɗa, kwat goma da jins ashirin sun cinye miki kilo 23 kafin ki kai ga abin da za ki sayar da sauri.

Shawarata, kada ki saya da sunan lokaci. Masu tantance gwanjo suna kasa shi da nau'i ma: rigunan auduga na mata daban, dogayen riguna daban, siket daban, akwai kuma haɗin da suke ware wa ƙasashe masu zafi, wanda aka cire kayan sanyi daga ciki. Ki ce masa kina son dila ɗaya ta dogayen riguna marasa nauyi, ɗaya ta rigunan sama masu dogon hannu ko ta siket. Ki tambaye shi kilo nawa ce, kimanin guda nawa ke ciki, zaɓin farko ce ko ta biyu, sannan ya buɗe irinta ɗaya ya ɗauka miki bidiyo yana ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya, ba hoton guda biyar da ya tsince ba. In kina da hali ki zo Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra, da sassafe ranar Laraba ko Asabar, lokacin da ake yanka sabbin diloli, ki tsaya ki ga abin da ake wawaso a kai da abin da ake bari a ƙasa.

Tsohon Tela, Nima

Hajiya ta gama magana a kan ciniki, Allah ya saka da alheri. 'Yata, bari in ƙara miki ta fuskar yadi, domin a nan ne bambancin yake zaune, kala ado ce kawai.

Masu masaƙa suna auna yadi da nauyin murabba'in mita ɗaya. Boyel na auduga yana tsakanin giram 60 da 90. Yadin shat na yau da kullum 100 zuwa 130. Lilin na riga 120 zuwa 160, na wando 180 zuwa 250. Yadin doguwar kwat ɗin nan ta Turawa, gabadin, wanda Thomas Burberry ya ƙirƙiro a 1879 don tare ruwa da iska, yakan haura 250. Jins na gaske yana 340 zuwa 470. Kayan zafi galibi ƙasa da 160 suke in dai riga ce. Na sifirin daga 160 ne zuwa sama, kuma idan aka haɗa da shafi nauyin ya ƙaru.

Ba sai kin je ko'ina ba za ki auna. Ki samu rigar da ta lalace a cikin dila, ki yanki santimita 10 a tsaye 10 a kwance, ki ɗora a ƙaramin sikelin masu sayar da zinari, ki ninka abin da ya nuna sau 100. In ya nuna giram 1.2, yadin 120 ne. In kin yi haka da yadi huɗu ko biyar, hannunki zai riƙe, daga baya taɓawa kawai za ki yi.

Sai dai rashin nauyi kaɗai ba ya sa riga ta yi daɗin sawa a Accra. Abin da aka saƙa ta da shi ya fi muhimmanci. Auduga tana riƙe danshi kimanin kashi 8 cikin ɗari na nauyinta, lilin da biskos (yadi mai laushi da ake sarrafa zarensa daga itace) wajen 12, poliyesta kuwa bai kai kashi 1 ba. A Landan, inda rana ba ta cika gasa mutum ba, rigar shifon ta poliyesta tana wucewa lafiya. A nan gumin ba shi da inda zai je, sai ya kwanta tsakanin fata da riga, rigar ta manne a baya, kafin la'asar ta fara wari, wasu ma ƙuraje su feso musu. Kayan zafi masu araha na kantunan Turai da yawansu poliyesta ne, don haka ki juya kowace riga ki karanta 'yar takardar da ke ɗinke a gefen ciki. In an yanke ta, ki zaro zare kaɗan daga cikin kalmasa ki kusanta shi da ashana. Auduga, lilin da biskos suna ci da wuta, warinsu na ƙonanniyar takarda, tokarsu mai laushi. Ulu yana warin ƙonannen gashi. Poliyesta narkewa yake yi ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri. Ki yi wannan a waje, nesa da kayan shago.

Haka abayoyin da ake kawowa daga Dubai da Turkiyya. Yadin nida da kirif da ake yawan yi da su poliyesta ne, kuma na sifirin ɗinsu ya fi kauri. Ki ɗora yadin a baki ki hura, in iskar ba ta kai tafin hannunki ta ɗaya gefen ba, mai sa shi a Maris za ta sha wuya.

Ga abin da zai ceci wasu kayan da za ki ga kamar asara ne. Doguwar rigar sifirin mai dogon hannu, sau da yawa yadin samanta biskos ne mai kyau, shafin ne na roba. Tela zai farke shafin daga wuya da hammata da zif, ya gyara bakin, rigar ta koma ta zafi. In yadin saman shara-shara ne, a mayar da shafin boyel na auduga, daga ƙirji zuwa ƙasan gwiwa kawai, a bar hannu haka. Ita kuma rigar zafi mai igiya, in doguwa ce, ki haɗa ta da farar riga ta ciki mai dogon hannu ta auduga, ko buɗaɗɗiyar riga a sama, ki rataye su tare a matsayin saiti.

Ga 'yan'uwana teloli da ake kawo wa irin waɗannan yadudduka su kwaikwayi ɗinkin: kada a yanka lilin ko biskos ba a jiƙa ba. Suna tsukewa a wankin farko. Ko kashi 4 cikin ɗari ne, a yadi shida an rasa inci takwas da wani abu, ga riga ta ɗage, ga hannu ya gajarce. A jiƙa, a shanya a inuwa, a goge, sannan a ɗora almakashi. Biskos kuma ƙarfinsa raguwa yake idan ya jiƙe, ba a murɗa shi wajen matsewa.

Allura ma ba ɗaya ba ce. Boyel da shifon lamba 9 ko 10 suke so, ɗinki ƙanana wajen milimita 2, a sassauta zare. In aka sa musu lamba 14 da aka saba ɗinka atamfa da ita, layin ɗinkin tattarewa zai yi, ramukan allura su fito. Bakin ciki a yi masa ɗinkin da ake juyawa sau biyu ya ɓoye kansa, domin ta cikin yadi shara-shara ana hango zaren obalok. Gabadin da kaki lamba 14, jins 16, ɗinki milimita 3. Gam mai kauri na kwala kada a manna shi a yadi marar nauyi, bayan wanki biyu zai yi bororo.

A awo, rigar zafi a ƙara inci 4 zuwa 6 a kan awon ƙirji, a sauke hammata da rabin inci ko inci guda, a tsaga gefe. Jaket ɗin sifirin kuwa a auna mai shi yana sanye da suwaitar da zai sa a ciki, in ba haka ba maɓalli ba zai haɗu ba.

Ɗan Sabon Zango

Hajiya, Baba Tela, a gafarce ni, amma ina ganin an ɗan danne kayan sifirin fiye da kima. Suna da kasuwa a nan, sai dai ba ta kowa da kowa ba ce, kuma ba ta kowane wata ba.

Ma'aikatan banki da ofisoshin Ridge da Airport City a cikin esi suke wuni, suwaita marar kauri mai maɓalli da jaket marar shafi ba sa rabuwa da bayan kujerarsu. Ɗaliban jami'ar Legon suna neman jaket ɗin jins da riga mai hula a Yuli da Agusta. Masu okada da ke fita da asuba suna son jaket mai tare iska. Masu bin motar dare zuwa Tamale ko Bolga sun san sanyin da ke cikin manyan motocin nan. Idan hunturu ya sauko a Disamba da Janairu, 'yan kasuwar Arewa da kansu suke zuwa neman suwaita. Yaya, in kin ware guda ashirin ko talatin masu kyau kin ajiye wa waɗannan watannin, ba za su kwana a hannunki ba. Abin da ba ya tafiya shi ne kwat mai tsawo har ƙauri da duk abin da ke da ulu mai yawa.

Kin tambayi kala, ba a taɓo ta sosai ba. Kayan sifirin kalolinsu a kwance suke, kamar an sirka da ruwa: ruwan hoda mai haske, ruwan omo, ruwan madara, kore mai haske, da ƙananan fulawoyi, saboda lokacin ne itatuwansu ke toho. Na zafi fari fat ne, ko kala mai ƙarfi, ja, ruwan goro, ruwan ƙwai, shuɗi mai ratsin fari, da manyan zane. A nan masu hasken nan suna da matsala biyu. Ƙurar hanya da kujerar tiro-tiro, motar hayar cikin gari, suna nunawa a jikinsu nan take, kuma ruwan toka mai haske da ruwan omo su ne suka fi tona gumin hammata. Yadi mai zane yana ɓoye duka biyun, shi ya sa ya fi saurin fita. Fari yana tafiya ranar Juma'a da lokacin suna, amma a ɗaga shi a rana tukuna, a sa hannu a baya, in ana ƙirga yatsu to sai da shafi.

Takalma kuma a kula. Na sifirin rufaffu ne, sau-ciki da kambas da gajeren but. Na zafi sandal ne da masu ƙasan igiyar rama, waɗanda ruwan Yuni ke ruɓar da su cikin 'yan makonni. Kowanne ne, a lanƙwasa ƙasan da hannu biyu kafin a saya. Akwai irin robar da danshi ke cinyewa tun tana ajiye, daga waje lafiya lau, ana takawa ta ruguje.

Ƙanwar Maamobi

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara arziki. Na fasa sayen haɗaɗɗiyar dila, zan nemi ta nau'i. Ga wata kuma: wata mai saye a wurina za ta je wurin 'yarta a Landan daga Afrilu har ƙarshen Yuli, tana so in haɗa mata kaya, kuma ita atamfa da shadda ta saba sawa. Me zan haɗa mata?

Yayarku ta Landan

Ƙanwata, wannan baiwar Allah za ta ratsa lokutan biyu ke nan, kuma kuskuren da baƙi daga gida suka fi yi shi ne su ji an ce sanyi ya wuce sai su taho da kayan Accra zalla. Wanda jikinsa ya saba da digiri 30, digiri 12 mai iska sanyi ne sosai a wurinsa, balle dattijuwa.

Ba sai ta bar atamfarta ba. Atamfa auduga ce mai falle ɗaya, ba ta riƙe ɗumi, don haka aikin a ƙarƙashinta da samanta yake. Na Afrilu da farkon Mayu ki haɗa mata rigunan ciki masu dogon hannu da ke kama jiki guda uku, dogon wandon ciki mai kama ƙafa guda uku da za ta sa ƙarƙashin zani ko siket, suwaita mai maɓalli guda biyu, ɗaya baƙa ɗaya ruwan madara don su shiga da kowace atamfa, safa mai ɗan kauri, da takalmi rufaffe wanda ƙasansa ba ya santsi. A sama jaket ɗaya mai tare ruwa da ta sauka har cinya, mai hula in an samu, domin iskar can tana juya lema. Nan ne doguwar kwat ɗin da aka ce ba ta da kasuwa a Accra take da amfani, ki duba ko kina da ita. Ki zaɓa mata wadda ta ɗara awonta da lamba ɗaya saboda abin da ke ciki. Lambobin ma ba ɗaya ba ne, 12 ta Ingila ita ce wajen 8 ta Amurka, gara ki auna da tef.

In tela zai yi mata sabbin ɗinki, rigunan da za ta sa a Afrilu ya sakar musu hannu da hammata yadda rigar ciki za ta shige. Matsattsen hannun da ake yayi ba ya karɓar komai a ƙarƙashinsa. Mayafi ta tafi da iri biyu, mai kauri irin na fashmina da za ta naɗa har wuya, da marasa nauyi na watannin baya. Shifon yana zamewa a iska, ta riƙe fil da hular ciki.

Shadda ta ajiye ta don taro a cikin ɗaki. Ɗigon ruwa yana bar mata tabo a kan ƙyallinta, kuma a Afrilu ba a rantsuwa cewa ba za a yi yayyafi ba. Ga maza masu irin wannan tafiya, batakari, rigar arewacin Ghana saƙar hannu, a kan riga mai dogon hannu yana aikin suwaita sosai.

Daga tsakiyar Yuni zuwa Yuli kayanta na gida sun isa da rana: atamfa, boyel, leshi marar nauyi, sandal. Amma suwaita ɗaya kada ta bar jakarta, domin dare yana sauka wajen digiri 14, kuma rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara, mutum yakan daɗe a waje bai ankara ba. Ta kuma san cewa zafi yakan taso na 'yan kwanaki. A Yulin 2022 ya haura digiri 40 a Ingila, yawancin gidajen can ba su da esi, an gina su ne don riƙe ɗumi, wasu layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa ma kamar tanda suke. Dogayen riguna biyu na auduga sakakku za su yi mata rana a irin wannan lokacin.

Wanda zai je New York lissafinsa daban ne kaɗan. Afrilunsu sai da jaket, amma Yulinsu yana kaiwa wajen digiri 29 da danshi, kusan irin namu.

Hajiya Mai Dila, Kantamanto

Ɗana na Sabon Zango ya yi gaskiya, na karɓa, in dai kaɗan za a ɗauka kuma an san watan fitar da su.

Ƙanwata, tunda kina sayar da sabbi ma, ki san kalandar masu yin kayan. A wurinsu sifirin da zafi kaka ɗaya ce, shi ya sa a takardar wasu kayan za ki ga SS, harufan farko na sunayen lokutan biyu a Turance, da lambar shekara, kamar SS24, na sanyi kuma AW. Ana nuna su a New York, Landan, Milan da Paris a Satumba zuwa farkon Oktoba na shekarar da ta gabata. Kashin farko, mai jaket da dogon hannu, yana shiga kantuna tun Janairu da Fabrairu. Kashi na biyu, marar nauyi, daga Afrilu zuwa Yuni. Daga ƙarshen Yuni ake fara karya farashi, zuwa Agusta ragowar ta koma hannun dillalai. Wannan ragowar ita ce taki. In kin saya a Agusta ko Satumba, ta biyo jirgin ruwa ta sauka Tema, za ta same ki kafin Disamba, ta kuma kai ki zafin Fabrairu zuwa Afrilu. Ki haɗa da lissafin Sallah, wadda ke matsowa da kwana 11 kowace shekara. A 2025 ƙaramar Sallah ta faɗo ƙarshen Maris, tsakiyar zafinmu, babba kuma farkon Yuni, cikin ruwa. Kayan ƙaramar Sallah a 'yan shekarun nan marasa nauyi ake nema.

Waɗanda za ki ajiye sai Yuli ko hunturu, ajiyar ce za ta ci ki in ba ki kula ba. Danshin Accra yana sa fumfuna a kan fata da ulu da duk abin da aka ajiye da datti. Ki wanke, ki tabbata sun bushe ƙarau, ki sa a jakar yadi ko kwali, ba leda ba, domin leda tana kulle danshi a ciki. Ki ɗora su a kan katako, taƙi guda daga ƙasa, kada su jingina da bango, musamman a Mayu da Yuni. Duk mako biyu ki fito da su su sha iska a inuwa. Jaket ɗin fatar roba kada ki ajiye ta ko wata ɗaya, saɓulewa take yi daga kwala da bakin hannu, ki sayar da ita a farashin da aka taya. Mai roba a ƙugu kuma ki ja ta kusa da kunne, in kin ji tana ƙas-ƙas robar ta mutu, ki kai wa tela ya sauya kafin ki rataye.

Wajen guga ki duba hoton dutsen guga a takardar. Ɗigo ɗaya digiri 110 ne, na poliyesta da danginsa. Biyu 150. Uku 200, na auduga da lilin, shi lilin a goge shi da sauran danshi a jikinsa. In da dutsen gawayi yaranki ke aiki, su shimfiɗa farin ƙyalle a kan rigar, kuma su fara gwadawa a cikin kalmasa.